Furar sanyi a unguwar Zariya ta Maraɗi: shin ta cancanci dala 50 (sefa 250)?

A ƙauyukan jihar Maraɗi fura abinci ce ta dole, wadda manomi ke sha da hantsi a gona, ya kuma sake neman ta da azahar, amma a cikin birni ta fara zama wani abu dabam, wato ɗan jin daɗin da ma'aikaci ko ɗan kasuwa ke yi wa ransa idan rana ta take. Shagunan furar sanyi sun yawaita a ƴan shekarun nan, tun daga bakin babbar kasuwa har zuwa sababbin unguwanni, kuma yawancinsu abu ɗaya suke sayarwa, wato dawo da aka markaɗa a na'ura tare da madarar gari da sukari mai yawa. Shagon da zan yi magana a kansa yana unguwar Zariya, ba shi da wani suna a allo in ban da zanen ƙwarya da ludayi a jikin bango, kuma hukuncina a kansa shi ne ya cancanci kuɗinsa, muddin mai saye ya san abin da zai nema da lokacin da zai je.

Wurin kansa ba shi da wani ƙawa. Ɗaki ne guda mai firji biyu, da rumfar kwano a gaba wadda aka yi wa rufin zana daga ciki don rage zafi, da benci uku da tabarma. Akwai buta da sabulu a bakin ƙofa, ƙasan kuma kullum a share yake, an yayyafa masa ruwa.

Abin da ya ɗaga shagon sama da takwarorinsa shi ne dawon. Hajiyar da ke da wurin a gida take yin sa kowace safiya, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake daka zai gane hakan tun daga kurɓar farko. Hatsin an surfe shi sosai, an wanke shi an rege, don haka babu tsakuwar da za ta ƙarasa wa mutum haƙori, babu kuma ɗacin dusa. An niƙa shi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, an dunƙula, an dafa har ya nuna ciki da waje, sannan aka kirɓa shi a turmi da zafinsa kafin a cura a barbaɗa masa gari. Wannan kirɓin shi ne aikin da masu gaggawa suke tsallakewa, alhali shi ne ke ba fura danƙo, ya sa ta haɗe da nono maimakon ta kwanta a ƙasan kofi ruwa ya taso sama. Yajin kuma an sa shi da hankali: citta ce ke gaba, kanumfari na biye da ita da ƙamshi, barkonon kuwa sai bayan an haɗiye ake jin ɗan ɗuminsa a maƙogwaro. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman hatsi, wato gero, a duniya, jiharmu kuma tana cikin manyan rumbunanta, saboda haka abin kunya ne a ce a Maraɗi sai an yi yawo kafin a sami dawo mai kyau, amma halin da ake ciki ke nan.

Shagon yana damu iri biyu. Akwai na na'ura, wanda yaron shago ke yi cikin ƙiftawar ido, akwai kuma na hannu, wanda wata dattijuwa ke yi a kan tabarma a gefen rumfa. Shawarata ita ce a nemi na hannu ko da za a jira. Takan ɗauki dawo biyu ta saka a ƙwarya, ta zuba nono kaɗan, ta riƙa murje su da bayan ludayi a jikin ƙwaryar tana juya ta da hannun hagu, ba ta ƙara nono sai wanda ta zuba ya shige. Idan ta kusa gamawa sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, da gaya ko a dame duka?" Wanda ya ce da gaya, za ta bar masa ƴan gutsattsarin dawo da zai riƙa taunawa, kuma a nan daɗin yake. Na'ura ba ta san wannan tambaya ba. Tana mayar da komai sumul, ta cika shi da kumfa, ta yadda kofin zai yi kamar ya cika alhali rabinsa iska ce, kuma ɗanɗanon hatsin yakan ɓace a cikin zaƙi. Matasa da yawa sun fi son hakan, ban kuma ga laifinsu ba, sai dai abin da suke sha ya fi kusa da yawur fiye da fura.

Maganar nono ita ce ta fi muhimmanci, ita ce kuma ta fi wuya. Hajiya tana karɓar nono daga wasu matan Fulani da ke kawo mata daga rugagen da ke kewayen gari, kuma tana da kindirmo, wanda ake yi da madarar da aka tafasa ba a cire mata mai ba, da kuma nonon da aka kaɗe aka kwashe man shanunsa, wanda ya fi tsami ya kuma fi araha. Tafasawar ba ƙaramin abu ba ce, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da cututtukan da ke kama mutum daga dabba, ciki har da tarin fuka. Da damina da kaka, lokacin da ciyawa ta wadata shanu suka ƙoshi, kindirmon shagon yana da kauri da maiƙo, har yakan bar alama a jikin ludayi. Amma daga watan Maris zuwa saukar ruwan sama, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa na neman abin sanyi, nono yakan yi ƙaranci, saboda makiyaya sun yi nisa da garkensu neman kiwo, shanun da suka rage kuma ba su da abin tatsa. A wannan lokaci masu sayarwa da dama sukan tsinka nono da ruwa su kaurara shi da farin garin ƴaƴan kuka, wasu kuma su koma ga madarar gari gaba ɗaya, wadda yawancin mai arahar da ake shigowa da ita daga Turai an cire mata manta na asali an maye shi da man itatuwa.

Wannan shago ma yana amfani da madarar gari da bazara, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Bambancin shi ne ana faɗa wa mai saye. Yaron shagon yakan ce, "Alhaji, na shanu ya ƙare tun azahar, sai na gari," ya bar mutum ya zaɓa. A garin da kowane mai fura ke rantsuwa cewa nasa daga ruga yake, wannan gaskiyar kaɗai ta isa ta sa a koma. Abin da zan so a gyara shi ne farashi, domin kofin madarar gari da na kindirmo kuɗinsu ɗaya ne, abin da bai dace ba.

Kofin da aka saba saye dala 50 ne, babba kuma dala 100. Idan aka kwatanta da abin da mutum zai biya a wajen mai tallar fura a bakin tasha, ya ninka, kuma magidancin da ke lissafin kuɗin cefane yana da haƙƙin ya tambayi dalilin ƙarin. Ƙarin kuɗin sanyi ne da tsabta. Ba a jefa ƙanƙara a cikin furar, wanda shi ne ke tsinka ta, ya kuma shigo da ruwan da ba a san asalinsa ba. Nonon ne ake ajiyewa a firji, ƙoren kuma ana wanke su a kife su a kan tebur a rufe da yadi saboda ƙuda. Wutar lantarkin wannan yanki tana zuwa ne daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa yana tune da abin da ya faru daga watan Agustan 2023, lokacin da aka katse ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙanƙara ta zama kayan gabas. Shagon yana da farantan sola a kan rufi da ke riƙe firji ɗaya, shi ya sa ko an ɗauke wuta nonon ba ya tsami fiye da kima. A irin zafinmu nono da dawo ba sa jimawa a waje kafin su juya, don haka wannan firjin shi ne rabin jarin wurin.

Akwai kuma wadda ake haɗawa da cuku da dabino irin ta mutanen Abzin, a kan dala 150. Tana da daɗi, tana kuma riƙe ciki har dare, amma cukun ba kullum ake daka shi ya yi laushi ba, kuma a ganina ta fi ƙarfin a kira ta ɗan abin marmari, abincin rana ce sukutum. Mai kwakwa da zabibi kuwa ban ga amfaninta ba.

Sukari ne babban aibin wurin. Idan mutum bai yi magana ba, yaron zai zuba masa cokali uku manya, kamar yadda yawancin masu saye ke so, kuma zaƙin yakan danne yajin da aka sha wahalar daidaitawa. Ya kamata a ce tambaya ake yi tun farko, musamman ganin yadda ciwon sukari ke yawaita a tsakanin manyanmu, kuma da yawa daga cikin masu aikowa a saya musu dattawa ne. Aibi na biyu shi ne leda. Duk wanda zai tafi da furarsa gida a farar leda ake ƙulla masa, a saka a baƙa, duk da cewa tun shekarar 2014 akwai dokar da ta hana shigowa da irin waɗannan ledoji da sayar da su a Nijar. Dokar ba ta hana kowa komai ba, magudanun ruwanmu shaida ne, amma shagon da ya damu da tsabtar ƙwarya ya kamata ya damu da inda ledarsa ke ƙarewa. Wanda ya zo da kwanonsa ko kula ana zuba masa ba tare da gardama ba, kuma furar ta fi jimawa da sanyinta a haka.

Wurin zama ma yana da gyara. Bencin duk maza ne ke cika su, ƴan kabu-kabu da malaman lakwal da masu shaguna na kusa, don haka mata sukan tsaya daga gefe su karɓa su wuce, ko su aiko yaro. Labule ɗaya da tabarma a ɗaya gefen rumfar da sun warware matsalar, tun da mai shagon ma mace ce. Ba a karɓar naira, abin da kan ba baƙin da suka shigo ta Jibiya da Ɗan Isa mamaki, amma duk wanda ya ga yadda canji ke hawa da sauka ba zai zargi Hajiya ba.

Ga mai son kindirmo na gaske da damun hannu, lokacin zuwa shi ne tsakanin ƙarfe 11 na safe da kiran sallar azahar, domin bayan an sauko daga masallaci layi yakan yi tsawo, dattijuwar kuma ba ta yarda a gaggauta ta. Ranar Juma'a ba a buɗewa sai bayan an taso daga masallaci. Da azumi tsarin yakan sauya gaba ɗaya: ba a zama a rumfa, ana kai kwano ne tun la'asar a rubuta sunan mai shi a jikin murfi, a dawo a karɓa dab da magariba, kuma wanda bai kai nasa da wuri ba sai dai ya haƙura da na na'ura.