Duron narkar da kashin kare: wata bakwai ina amfani da shi, ga abin da na gani

Karnuka biyu gare ni a gidana da ke Hotoro, kuma ba sha'awa ce ta sa na ajiye su ba. Sau biyu ɓarayi suna haura mini katanga cikin shekara guda, a na biyun har janareto suka ɗauke. Tun da karnukan nan suka zo muka samu barci. Abin da ba wanda ya gaya mini ranar da zan karɓo su shi ne maganar kashi. Manyan karnuka biyu masu cin tuwo da ragowar abincin gida, kullum safiya sai an cika shebur.

Da farko Baba mai gadi ne ke ƙullewa a baƙar leda ya jefa cikin shara. Yaran da ke zuwa kwasa da baro suka fara ƙorafi, kuma da gaskiyarsu, don da hannu suke tsintar roba da gwangwani a ciki. Ashe daga nan Baba ya koma wurgawa kangon bayanmu, wata rana ma cikin kwata. Maƙwabcina Alhaji ne ya ja ni gefe bayan sallar isha'i ya faɗa mini cikin mutunci. Na ji kunya ƙwarai. Najasa ce, kuma ruwan kwata ba a ƙofar gida yake tsayawa ba. Duk ɗan Kano ya san ruwan kwatocin garin nan rafuka irin Jakara da Getsi yake gangarawa, a bakinsu kuma ake noman latas da alayyafon da muke saye.

A Facebook na ga tallar masu kafa duron narkar da kashin kare. Masu karnuka a Nasarawa da Bompai kun san su waye, kun kuma san kuɗin da suke karɓa, ba sai na faɗa ba. Aikin ba wani mai wuya ba ne: duro na roba mai lita 200, a yanke gindinsa, a huda gefunansa, a binne shi a rami a kan tsakuwa, murfin kawai ke leƙowa. Kullum ka zuba kashin, ka bi shi da bokitin ruwa, duk mako ka barbaɗa wani garin magani irin wanda ake zubawa a sokawe. Ƙwayoyin halittar da ke cikin garin su ke cinye ƙazantar ta narke, ƙasa ta shanye ruwan. Suka haɗa mini da ƙunshin wata koriyar leda, suka ce da masara aka yi ta, in ɗauki kashin da ita in jefa gaba ɗaya, za ta ruɓe da kanta.

A watan Maris aka kafa. Tsakani da Allah, watannin farko ba ni da abin cewa sai yabo. Zafin Afrilu da ke kaiwa digiri 40, wanda a da yake sa bayan gidan nan ba ya shiguwa saboda wari da ƙudaje, ya zo ya wuce ba mu ji komai ba. Ka buɗe murfin ka ga abin da ka zuba makon jiya ya sauka. Mutum uku na ba lambar mai aikin. Ko yanzu in aka tambaye ni ko dabarar tana aiki, zan ce tana yi.

To amma bari in ba ku labarin wani daren Alhamis wayewar Juma'a na watan Agusta.

Ranar da suka zo kafawa, ni na nuna musu can kusurwar baya, wajen bishiyar darbejiya. Shugabansu, wanda yaransa ke ce wa Injiniya, ya sa diga sau biyu ya ce, “Yallaɓai, nan marmara ce, kuma ga saiwa. Mu dawo nan kusa da famfo, ka samu sauƙin zuba ruwa.” Na ce masa, “Malam, ga rijiya nan fa.” Ya ce in kwantar da hankalina, sun yi irinsa ya fi a ƙirga. Na yarda da shi don shi ne mai sana'ar. Abin da ban lura da shi ba a watan Maris, lokacin da ko gajimare babu, shi ne wurin kwari ne, kuma indararon ɗakin mai gadi daidai nan yake zuba.

An fara ruwa wajen ƙarfe biyun dare kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai gab da asuba. Na fito zan yi alwala, ƙafata ta farko a tsakar gida na ji santsi, sai warin ya bugi hancina. Na haska fitilar waya. Murfin duron yana can gefe a kife, baƙin ruwa mai kauri ya malale tun daga bakin famfo har ƙofar kicin, ya kewaye gindin rijiya, ga korayen ledoji suna yawo a sama. Butocin alwala biyu da muke ajiyewa a wajen suna ciki. Takalman makarantar yara suna ciki. Tabarmar da aka manta a waje tana ciki.

Makon nan kuma Hajiya mahaifiyata tana wurinmu, ta zo ganin likitan ido. Tsohuwa ce da ba ta yarda da ajiye karen ba tun farko, da ƙyar na lallashe ta da cewa na gadi ne. Ta buɗe ƙofa da butarta a hannu na ce, “Hajiya, don Allah kar ki sauko.” Ta dubi tsakar gidan, ta dube ni, ba ta ce uffan ba ta koma ciki. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ƙaramar 'yarmu lokacin rarrafe take yi, yini guda uwarta tana goye da ita, ba ta yarda ta taɓa ƙasa ba. Ranar Juma'a ce, ni da Baba muka wuni da tsintsiya da bokiti da omo, muka wanke siminti ya fi sau biyar, da ƙyar na samu sallah. Tabarma da butoci zubar da su na yi. Rijiya kuwa na sa aka rufe, mako uku muna sayen ruwa wajen 'yan garuwa, sannan aka kwarfe ta aka zuba sinadarin kulorin.

Na kira Injiniya tun shida na safe. Waya tana shiga ba ya ɗauka. Sai ranar Litinin ya kira, abin da ya fara ce mini shi ne, “Yallaɓai, ai ruwan sama na Allah ne.” Wallahi wannan maganar ta fi ambaliyar ƙona mini rai. Ruwan na Allah ne, amma wa ya zaɓi wurin? Mutumin da yake wannan sana'a a Kano bai san Agusta ba? Ya ce zai turo yara, amma kuɗin sake haƙa a kaina.

Ban jira shi ba, na samo lebura biyu muka tone. A nan na ga sauran abin. Tsakuwar da na biya kuɗinta, wadda ya ce za ta kai tsawon kamu ɗaya, ko tafin hannu ba ta rufe ba. Ledojin nan kuwa na wata biyar suna nan, wasu lafiya lau har da rubutunsu, wasu sun marmashe ƙanana-ƙanana sun toshe hudojin duron kaf. Shi ya sa ruwan ya rasa hanyar nutsewa. Na kai ɗaya wa likitan dabbobin da ke yi wa karnukana allura. Ya ce wannan roba ce ta gaske da aka sa wa sinadarin da ke sa ta farfashe, ba ruɓewa take yi ba, ƙasashen Tarayyar Turai ma sun hana irinta tun 2021. Ko ta masarar ta ainihi, in ji shi, tana son zafin tarin taki kafin ta narke, ba ramin ruwa ba.

Shi likitan ne ya ba ni tsoro sosai. Kashin kare yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, ƙwan yana nuna cikin mako biyu zuwa huɗu a ƙasa, kuma yana iya yin shekaru bai mutu ba. Yaro mai wasa da ƙasa ya kai hannu baki, tsutsar na iya zagaya jikinsa har ta taɓa ido. Don haka a riƙa kwashewa kullum, a riƙa ba karnuka maganin tsutsa duk wata uku. Ya ce ƙa'idar da ake bi wajen masai ita ce ta wannan rami: mita 30 tsakaninsa da rijiya, gindinsa kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Na dawo gida na auna da igiya. Nawa bai kai mita shida ba. Wata biyar ke nan muna wanka da wanke-wanke da ruwan rijiyar nan.

Yanzu duron yana can gindin darbejiyar da na nuna tun farko. Marmarar ta haƙu, yini ɗaya kawai ta ci. Na sa an ɗaga bakinsa da bulo biyu, an yi masa murfi mai sakata, an cika tsakuwa. Leda ba ta ƙara shiga ba, shebur ne kawai, kuma na hana Baba zuba Izal a ciki don yana kashe ƙwayoyin da ke aikin. Ruwan Satumba ya zo ya wuce bai motsa ba. Filina babba ne shi ya sa na samu tazara. Mai fili ƙafa 50 a 75 da rijiya a ciki, ko rijiyar maƙwabci a bayan katanga, ban ga inda zai samo mita 30 ba. Gara ya ajiye duro mai murfi a sama, ya samo garin katako a 'Yan Katako na Na'ibawa, duk shebur biyu na kashi ya zuba ɗaya na garin, yana juyawa. Takin sai ya yi zafin da ya kai digiri 60 yake kashe cuta, kuma ko ya nuna, na fulawa da bishiya ne, kar ya je kusa da tumatir ko zogale.

Na so in ce ku saya kawai ku tsaya a kansu lokacin kafawa. Amma ina rubutun nan ina tuna asubar nan, ba zan ƙara ba kowa lambarsu ba. Duro da tsakuwa da lebura ba abin da mutum ba zai samo da kansa ba. Mutum ukun da na tura na kira su ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri, na ce su je su auna nisan raminsu da rijiya, ɗaya ya ce nasa ma jikin katangar maƙwabci aka haƙa. Sauran ledojin suna nan a sito, na ce wa Injiniya ya zo ya ɗauka ya dawo mini da kuɗina, yau wata biyu kullum sai gobe. Hajiya kuma ta sake zuwa makon jiya da jarkar ruwanta daga gida, da shi take alwala.