Zanen bango daga ƙyallen atamfa: surfani ya yi, rashin wanki da gam ne matsala

Akwai wani shagon mata kusa da babbar kasuwar Maradi da ke sayen ƙyallen da teloli ke zubarwa, su haɗa zanen da ake ratayawa a bango. Mun duba aikinsu gaba da baya, domin a bayan zane ake gane hannun mai ɗinki.

Hotunan ba furanni ba ne. Mace ce a bakin rijiya, ko mai daka da goyo, ko layin mata a ƙofar asibiti. Mafi ƙarfi a cikinsu an haɗa shi da guntayen atamfar 13 ga Mayu ta shekaru daban-daban, ranar matan Nijar da ke tuna tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991, suna neman a ba su kujeru a shirin babban taron ƙasa. Mai kallo zai gane atamfar da uwarsa ta ɗaura. Irin wannan hanya ce Faith Ringgold ta bi a Amurka da barguna masu ba da labari, haka Billie Zangewa, haifaffiyar Malawi, da ke ɗinka rayuwar cikin gida da siliki. Amma matan nan ba su jira kowa ba, habaici da zane tsohon abu ne a wajenmu.

Surfaninsu babu abin cewa. Tsakanin sukar allura da ta gaba bai wuce milimita 3 ba, kuma suna kalmashe bakin kowane ƙyalle kamar santimita 1 kafin su ɗora shi, shi ya sa zare ba ya warwarewa. Shafin akoko ne mai kauri.

Inda suka gaza shi ne wanki kafin ɗinki. Sabon akoko yana tsukewa idan ya sha ruwa, tsohuwar atamfa kuwa ta riga ta gama tsukewarta. In an haɗa su haka, wankin farko zai tattare fuskar zanen kamar ta tsohuwa, guga kuma ba ta gyara shi. Rinanniyar shadda ma tana zuba, musamman ja da shuɗi. Gwajin mai sauƙi ne: jiƙa farin tsumma, ki danna a kan ƙyallen minti ɗaya, in ya ɗauki launi to zai ɓata farin da ke kusa da shi.

Sai gam. A ƙananan zannuwa suna liƙa idanu da yatsu maimakon su ɗinka. Zafin watan Afrilu yana busar da shi ya ɓare, kafin nan ma ya bar tabo ruwan ɗorawa.

Wadda za ta ba da aiki ta ce a wanke duk yadin da ruwan sanyi tukuna, a cire sitati, kada a sa gam ko ɗigo. Ta nemi a yi aljihun zura sandar ratayewa mai faɗin santimita 8 a sama, domin ƙusa biyu a kusurwa suna sa tsakiyar zanen ta yi ciki. A rataye shi nesa da taga, rana tana koɗar da atamfa. Ta kuma ce mai ɗinkin ta sa sunanta da shekara a ƙasa, don yawancinsu ba sa sawa sai an roƙa.