Shield ko akwatin Android mai araha? Ga amsata kan kai gem falo

Ɗan'uwa, tunda kwamfutar tana ɗakin kwana, talabijin tana falo, kuma kana son buga gem ɗin kwamfutar a talabijin, amma tsakanin Nvidia Shield (akwatin talabijin na kamfanin Nvidia) da ƙananan akwatunan Android ɗin nan masu araha kake kokwanto, to ɗauki Shield. In kuɗin bai kai ba, gara ka jira albashin ƙarshen wata.

Akwatin ba shi ke ɗaukar nauyin gem ba. Kwamfutarka ce ke gudanar da komai, ta mayar da hoton bidiyo, ta turo shi ta rautar gida. Aikin akwatin shi ne ya buɗe bidiyon nan take ya ɗora a talabijin, ya kuma mayar wa kwamfutar duk abin da ka danna. Gem mai hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto kusan milisakan 17 kawai yake da shi. Fim ba ruwansa da jinkiri, don ana tara masa hotuna a gaba kafin ka gani, amma gem ba ya da wannan hutun. Shi ya sa za ka ga akwati yana nuna YouTube tsaf, amma ka danna bugun ƙwallo sai ɗan wasanka ya buga bayan an riga an ƙwace ta.

Nawa Shield TV Pro ne, ƙirar 2019, mai ƙwaƙwalwar Tegra X1+ da RAM giga 3, da mashigar wayar intanet ta gigabit da USB biyu. A azumin bara 'ya'yan yayata suka zo mana daga Makka. Bayan tarawihi aka shimfiɗa musu darduma a falo, ga shayi ga sambusa, suka kafa gasar ƙwallo har aka fara shirin sahur. Babbansu, wanda ba ya raina PlayStation ɗinsa, sai da ya leƙa bayan talabijin yana neman inda na ɓoye na'urar. Da na kai shi ɗaki ya ga kwamfutar tana ta aiki ita kaɗai a cikin duhu, dariya ya yi ya ce, "Kawu, ban ji bambanci ba ko kaɗan." Abin da ke ƙara kwantar mini da hankali shi ne tun 2015 aka fara fitar da Shield, kuma kamfanin ya daɗe yana sabunta manhajar har ta tsofaffin. Kuɗinsa wajen dala 200 ne, wato riyal 750 na Saudiyya a canjin 3.75, kafin haraji na kashi 15 da ribar mai shago.

Akwatin mai araha kuwa, ina da ɗaya a saman durowa. Yana nuna tashoshi, iyakacinsa ke nan.

Sai dai ko Shield ɗin ba zai yi maka komai ba in ka dogara da Wi-Fi. Ka san ginin gidajen Jidda, kankare ne da rodi. Layin 5GHz da ke da sauri ba ya son tsallake bango, na 2.4 kuma kowace shiƙƙa, wato kowane gida, a benenku tana kai, cunkoso ne kawai. Sayi wayar intanet ta Cat6 a shagon kayan lantarki, ka bi da ita gindin bango da ƙananan ƙusoshi, ɗaya daga rauta zuwa kwamfuta, ɗaya daga rauta zuwa Shield. Hoton 1080p mai 60 yana cin wajen megabit 20 a daƙiƙa, na 4K kuma wajen 80. Duk wannan a cikin gida yake yawo, tsakanin na'urorinka da rauta, ba ya taɓa datar da ka saya a stc ko Mobily ko Zain. Masu rautar 5G su kwantar da hankali.

Wajen manhaja, kada tsofaffin bidiyoyi su ruɗe ka da GameStream, tsarin Nvidia na turo gem daga kwamfuta, don ta janye shi daga Shield a 2023. Abin da muke amfani da shi yanzu: Sunshine a kwamfuta, Moonlight a Shield, duka kyauta. Moonlight zai nuna maka lamba huɗu, ka shigar da su a Sunshine, shi ke nan sun san juna. Sunshine kuma yana aiki da katin hoto na AMD da Intel, ba sai na Nvidia ba. In duk gem ɗinka a Steam suke, Steam Link ya fi sauƙin haɗawa, amma ni a idona hoton Moonlight ya fi kaifi. Kada ka manta ka saka talabijin a Game Mode, don gyare-gyaren hoton da take yi su ma suna ƙara jinkiri.

In kuma a wayar hannu kake son buga gem ɗin, ba sai ka sayi akwati ba. Moonlight da Steam Link suna nan a Android da iPhone. Haɗa hannun wasa na Xbox ko na PlayStation ta Bluetooth, ka zauna kusa da rauta. Wasa daga wajen gida wani darasi ne daban, sai ka fara daidaita na cikin gida tukuna.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai waɗanda za su nuna maka kwali an rubuta 8K da RAM giga 16, alhali an taɓa manhajar ce don ta nuna lambobin ƙarya. Wasu akwatunan ma da muguwar manhaja suke fitowa, kai kuma ka saka musu asusunka na Google. In mai shago ya ce "wannan da Shield duk ɗaya ne, wallahi," ka ce ya kunna Moonlight a gabanka. In na hannu za ka saya a haraj, wato kasuwar kayan hannu, kada ka tura ko halala ɗaya (kwabon Saudiyya) kafin ka gwada mashigar waya da rimot. Sabo kuma, ka karɓi fatura, wato rasit, mai lambar haraji da takardar garanti, ka adana hotonsu a waya. Idan aka yi maka wasa da hankali, lambar koke ta ma'aikatar kasuwanci ta Saudiyya 1900 ce.

Shield iri biyu suka fito a 2019, akwai mai siffar bututu, akwai Pro. Pro za ka ɗauka, saboda USB ɗin nan biyu da za ka jona hannun wasa kai tsaye. Ka haɗa da wayar Cat6 a fita ɗaya, ka auna tsawon daga ɗaki zuwa falo kafin ka bar gida.