Tsofaffin mujallun piyano: wacce za ka saya kafin kuɗinka su tafi a banza?

Duk wanda ya fara tara tsofaffin mujallun kiɗa, bango ne ke fara ɗaukar masa ido. Zanen fenti mai kyau, hoton wani gwanin makaɗi, shekarar da ta haura ɗari. Ni kuwa shawarata ga mai piyano ita ce ya fara leƙa tsakiyar mujallar, domin a nan dukiyar take, kuma a nan aka fi yi wa mai saye sakiyar da ba ruwa.

Mujallar da ta fi dacewa da mai farawa ita ce The Etude ta Amurka. Theodore Presser ne ya kafa ta a 1883 a garin Lynchburg na jihar Bajiniya, ya mayar da ita Filadelfiya a shekarar da ta biyo, ta ci gaba da fitowa wata-wata har 1957. Abin da ya bambanta ta shi ne, kowace fitowa tana ɗauke da shafukan rubutaccen kiɗa a tsakiya, tun daga na yaro ɗan koyo har zuwa wanda sai ƙwararre. Malaman piyano na ƙananan garuruwa da ita suke koyarwa. A zamanin James Francis Cooke, wanda ya shafe kusan shekara 40 yana editanta har zuwa 1949, an buga hirarraki da manyan makaɗa irin su Rachmaninoff da Josef Hofmann, suna bayanin yadda ake sarrafa yatsu da yadda ake atisaye. Ga kuma tallace-tallacen kamfanonin piyano, waɗanda su kansu tarihi ne. Da yake an buga ta da yawa, ba ta da wuyar samu, kuma fitowar da ba ta da wani abin musamman ba ta cika tsada ba.

Matsalarta daga amfaninta ta taso. Malamai da ɗalibai sukan ɓalle shafukan tsakiya su ɗora a kan piyano, ba kuma sa mayarwa. Sai ka ga bango garau, labarai cif, amma kiɗan babu. Na taɓa sayen ɗauri guda daga wani dillali a intanet, da ya iso na tarar kusan rabinsu haka suke, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun daga ranar ba na biya sai an turo mini hoton tsakiyar mujalla a buɗe, lambobin shafi suna bin juna.

The Musical Times ta Landan, wadda kamfanin Novello ya fara bugawa a 1844, ta girmi The Etude, kuma har yau tana raye. Sai dai kiɗan da ta riƙa haɗowa da shi a da galibi na mawaƙan taro ne da na coci. Mai son tarihin kiɗan Ingila zai more ta. Mai neman abin da zai kaɗa da yamma kuwa, ya wuce gaba. Haka Neue Zeitschrift für Musik da mai tsara kiɗa Bajamushe Robert Schumann ya kafa a Leipzig a 1834, da Le Ménestrel ta birnin Paris da ta fito daga 1833 zuwa 1940: kayan alfahari ne, amma in ba ka jin Jamusanci ko Faransanci, ado kawai ka saya.

Idan karatu mai zurfi kake so, duba na bayan yaƙin duniya na biyu. The Piano Quarterly ta fara a 1952, kuma Glenn Gould, shahararren makaɗin piyano ɗan Kanada, ya yi rubutu a cikinta, shi ya sa masu tarawa ke farautar waɗannan fitowar. Clavier ta biyo a 1962, ta fi karkata ga malamai: yadda za a koyar da kiɗa kaza, inda ɗalibi ke tuntuɓe. Takardarsu ta fi ƙwari, ba sa farfashewa a hannu. A ganina, malamin piyano zai fi amfana da Clavier goma a kan The Etude hamsin.

Sai batun siffa. Akwai ɗaiɗaiku, akwai na shekara guda da aka ɗinke wuri ɗaya da bango mai kauri, irin na ɗakunan karatu. Ɗinkakkun sun fi jure zamani, kuma da wuya a rasa shafi a ciki. Amma masu ɗinkin sukan cire bangon asali da shafukan talla, su datse gefuna, ga nauyi, ga shi ba sa kwanciya a buɗe a kan piyano. Ɗaiɗaikun sun fi rai, sai dai wayar da aka ɗinke su da ita takan yi tsatsa ta ci takarda. Tambayi dillali game da tsatsa, da tabon ruwa, da warin fumfuna. Ɗigo-ɗigon ja a takarda tsufa ne, ana iya haƙuri da shi. Fumfuna kuwa kada ka shigar da ita gida, tana yaɗuwa zuwa sauran littattafai.

Kafin ka biya ko sisi, ka sani cewa Jami'ar Gardner-Webb ta Amurka ta ɗora fitowar The Etude masu yawa a intanet kyauta. Buɗe can, ka ga abin da ke cikin watan da ake tallata maka, ka ƙirga shafukansa, sannan ka yanke shawara.

Mai saye daga Kano ko Maradi ya lissafa kuɗin aikowa tun farko, don sau da yawa yakan fi kuɗin mujallar, shi ya sa haɗa da yawa a kwali ɗaya ya fi sauƙi. In sun iso, a shimfiɗe za ka ajiye su, nesa da ƙasa da jikin bango saboda gara. Da damina ka riƙa buɗe su suna shan iska a inuwa, da hunturu kuma ka sassauta hannu wajen juya shafi, domin takardar shekarun 1910 in ta bushe, kusurwarta a yatsa take karyewa.