Ajin majigi na bayan la'asar: ra'ayina kan wata cibiyar koyon kwamfuta a unguwarmu

Akwai wata 'yar cibiya a unguwarmu nan cikin Kano, shago biyu ne aka fasa bango aka haɗe, a allon waje an rubuta koyon kwamfuta da intanet, shi ya sa mutane ke wucewa suna zaton irin wuraren nan ne da za a koya maka taifin a ba ka satifiket ka kama gabanka. Suna yin wannan ɗin kam, kuma ba laifi. Amma ajin da suke yi Asabar da Lahadi bayan la'asar shi ne nake so iyaye da yayye su sani, don gaskiya ban ga irinsa ba a kusa da mu.

Malamin zai kunna majigi ya haska a bango, sai ya bi kowa ya tambaye shi sana'arsa. Akwai tela, akwai yaran da ke koyon gyaran waya a Farm Centre, akwai mai walda, har da wata baiwar Allah mai suyar awara. Sai ya nemo bidiyo a YouTube na yadda ake wannan sana'ar a Turkiyya ko Indiya ko Italiya, yana tsayarwa yana fassara musu da Hausa, in an gama kuma ba ya barinsu su tsaya a cewa kai Turawa sun yi nisa, tambayarsa ɗaya ce kullum, a cikin abin da ka gani wanne za ka iya yi gobe da kayan da ke hannunka?

Ƙanina ɗinkin takalmi yake yi, ogansa mutumin kirki ne amma samfuri ɗaya ya iya, shi ya koya a wurin nasa ogan, shi duk layin suke yi, kuma da yake kowa abu ɗaya yake sayarwa sai dai a yi ta karya wa juna farashi har riba ta ƙare. A ajin nan ya ga wani dattijo a Italiya yana goge gefen fata da samfefa, ya shafa kaki, ya murza da guntun katako har gefen ya yi sumul yana sheƙi, kuma kafin ya sa allura sai ya auna tazarar hujin ɗinki ya yi alama. Wallahi babu inji ko ɗaya a aikin. Yaron nan ya dawo ya sayi kakin zuma, ya roƙi guntun katako wurin kafinta, ya lalata fata ba kaɗan ba kafin hannunsa ya faɗa. Malamin ya kuma nuna masa ɗaukar hoto, a shimfiɗa farin yadi kusa da taga da safe, a daina ɗauka a kan siminti da dare da tocila. Yanzu a status ɗin WhatsApp yake samun oda, har Kaduna an taɓa sa masa kaya a mota. Bai zama mai kuɗi ba fa, kar a ce na ce, amma ya daina karɓar kuɗin mota a hannun Hajiyarmu, kuma in yana maganar gaba yanzu da lissafi yake yi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne malamin bai taɓa nuna musu cewa alheri sai a waje yake ba. Ya ba su labarin fatar jar akuyar Sakkwato da ake jemewa a ƙasar Hausa, fatake su tsallaka Sahara da ita, Turawa su saya suna kiranta fatar Maroko. Ya ba su labarin Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji, wanda ya yi fataucin goro har ƙasar Gwanja da birnin Akara a Ghana ta yau, ya ga yadda ake ciniki da jirgin ruwa da kamfanonin Turawa, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe sai ta same shi a shirye. Ga Jelani Aliyu ɗan Sakkwato da ya taso yana zanen motoci a takarda, ya je karatun zane a Detroit ta Amurka, ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a 2017 kuma aka ba shi shugabancin hukumar ƙera motoci ta Najeriya. Hausawa dama sun ce tafiya mabuɗin ilimi, to yaron da ba shi da kuɗin zuwa ko Zariya, wannan bangon ne tafiyarsa.

Kuma muna buƙata, don rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa a Najeriya, kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. Mu ne fa, ƙannenmu ne.

To sai matsaloli. Kwamfutocin sun yi kaɗan, mutum uku kan haɗu a kan guda, batirin solarsu kuma ya gaji, in aka ɗauke wuta majigin ba ya jimawa sai a koma leƙen wayar malam, ga zafi ɗakin ba iska. Lokacin ajin bai dace da mata ba, ana tashi gab da magariba, iyaye da yawa ba za su bari ba, ya kamata a ware musu na safe da malama mace. Babbar damuwata kuma jari, don ka buɗe wa yaro ido ya ga abin da zai iya amma babu kuɗin fata ko keken ɗinki, wani takaici ne zai kama shi, wani ma ya fara tunanin bin hanyar Agadas zuwa Libiya. Na faɗa wa malamin, ya ce suna shirin fara adashe tsakanin ɗalibai, Allah ya sa su yi da wuri.

Kuɗin wata da sauƙi, kuma ana ɗaga wa marayu ƙafa. In yaronka yana da sana'ar hannu ka kai shi, ka sa ya tafi da littafi da biro da samfurin aikinsa, don malamin yana karɓa ya juya ya duba ɗinki ɗaya bayan ɗaya. A je da wuri, benci na gaba ne kawai ake jin sauti sosai.