Wuni guda a kwale-kwalen Baba, a tafkin Maga

Sana'ata ɗinki ce, aikin wuyan riga, shekara ashirin da ɗoriya ina zaune a bakin kasuwar Marwa, a arewacin Kamaru. Mai irin aikina idonsa yana kan ƙananan abubuwa, inda zare ya karkace, inda baƙi ya haɗu da fari. Da wannan idon na je Maga a watan Fabrairu, na biya wani tsohon masunci kuɗi ya kai ni da ɗan autana kallon tsuntsaye. Tun da na dawo abokai ke tambayata ko kuɗin ya fanshi kansa, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi, mai daɗin da marar daɗin.

Yaron ne ya ja ni. Shekararsa 12, ya sa wata manhajar gane tsuntsaye a wayata, kullum yana bin kurciya da hasbiya a tsakar gida yana ɗaukar su hoto. Wani abokin cinikina mai kawo banda daga Maga ya ce akwai dattijo Bamusgume a can wanda a da shi ke kai Turawa cikin tafki su kalli tsuntsaye. Tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da gandun dajin Waza a 2013 baƙin suka ɗauke ƙafa, dattijon ya koma kan komarsa. Amma in an neme shi yana fita.

Daga Marwa ta Bogo da Girbidik ake bi, kilomita 80 da wani abu. Lokacin girbin masakwa ne, duk hanya yara kan rumfuna suna kaɗa gwangwani suna korar jan baki. Tafkin kansa tare shi aka yi a 1979, da madatsar ƙasa mai tsawon kilomita 27 tsakanin Girbidik da Fus, don shayar da gonakin shinkafar kamfanin SEMRY. Ruwansa daga kogin Logon yake, da kuma su Mayo Tsanaga, wato ruwan da ke wucewa ta garinmu da damina can yake zuwa ya kwanta.

Baba, wato dattijon, ya fara da sefa 20,000, muka tsaya a 15,000 har da man inji, fita biyu: daga asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Hausarsa gauraye take da Fulatanci, amma mun fahimci juna sarai.

Muna idar da sallar asuba muka shiga jirgi. Hunturu bai gama sakin gari ba, hazo kwance bisa ruwa. Da muka yi nisa kaɗan sai ya kashe inji ya ɗauki gora, ya ce ƙarar inji ba ta tafiya da wannan aiki. Gari na fara wayewa muka ga fararen tsuntsaye jere a bakin ciyawa, sun fi talatin. Na ce, "Baba, ga balbelu nan."

Ya ce, "Ɗana, nawa ne balbela a cikinsu?"

Na ce duka mana. Ya miƙo min wani tsohon madubin hangen nesa da wani baƙo ya bar masa, ya ce in fara da baki, in sauka ƙafa. Wallahi sai ga su iri uku. Akwai gajeriya mai kaurin wuya da guntun baki rawaya, tana tsaye a busasshen wuri kusa da shanu. Ita ce balbelar da muka sani, ci da motsin wani, saniya ta taka ciyawa fara ta tashi ita ta cafke. Akwai wata siririya, bakinta baƙi siriri kamar allura, ƙafafunta baƙaƙe, amma da ta ɗaga ƙafa daga ruwa sai ga yatsu rawaya kamar ta sa safa. Wannan ba ta bin shanu. Cikin ruwa take tafiya, tana karkaɗa ƙafa ɗaya a taɓo don ƙananan kifi su firgita su fito. Na kalle ta tana yin haka har sau huɗu, a na huɗun ta samu. Ta ukun kuwa doguwa ce, ta kusa ninka sauran, bakinta rawaya dogo, wuyanta da lanƙwasa a tsakiya, tana tsaye cik ba motsi kamar an kafa ta. Shekara hamsin ina kiran su da suna ɗaya, a cikin minti goma mutumin nan ya raba min su, kuma har yau ban sake haɗa su ba.

Abin da ya fi burge ni da koyarwarsa, ba ya fara gaya maka suna. Tambaya uku yake yi: me ka gani a jikinsa, ina ka same shi, me yake yi. In ka amsa biyu ka bar ɗaya sai ya yi shiru ya ci gaba da tura jirgi har ka kawo ta ukun. Da zalɓe ya gwada yarona. Ɗaya na tsaye cikin ruwa, kansa fari da baƙin layi ta kan ido, bakinsa rawaya. Wani kuma can kan tudu cikin busasshiyar ciyawa yana farautar ɓera da ƙadangare, saman kansa da ƙeyarsa baƙi, maƙogwaro fari. Baba ya buga gora a gefen jirgi suka tashi, ya ce mu dubi ƙarƙashin fiffike. Na ruwan toka-toka ne gaba ɗaya, na tudun kuwa rabi fari rabi baƙi, a rabe tsaf kamar an haɗa ƙyalle biyu. Ya ƙara mana wata: zalɓe da danginsa naɗe wuya suke in suna tafiya a sama, shamuwa da gauraka kuwa miƙe shi suke. Babba da jaka ne kawai ya ce mu yi hattara da shi, dangin shamuwa ne amma shi ma naɗewa yake.

Na tambaye shi shamuwa fa, ban ga ko ɗaya ba. Ya ce in wani ya ce min ya ga shamuwa a nan cikin Fabrairu, ya sake dubawa. Tana zuwa ne da ƙaratowar damina, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, in ruwa ya ɗauke ta wuce kudancin Afirka. Masu ƙaurar da ke nan yanzu baƙi ne daga arewa. Ya nuna mana garken ƙananan agwagi can tsakiyar ruwa, mazansu da farin layi mai kauri daga saman ido zuwa ƙeya, da wasu masu dogon wuya da wutsiya mai tsini. Daga Turai da Rasha suke, su ƙetare Sahara wajen Oktoba, su juya cikin Maris. Kirinjijiya kuwa 'yar gida ce, fuskarta fara, ƙeya baƙa, ƙirji ja-ja, kuma tun kafin ka gan ta za ka ji fitonta mai gaɓa uku. Baba ya juya wa garken baya ya ce shi da kunne yake ƙirga su, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Dinya ma mun gani, manya baƙaƙe da fari a ciki da jar fuska, amma ba su bari mun matsa ba.

Akwai abu biyu da na gani kusa da kusa waɗanda su kaɗai sun isa kuɗin. A wani lungu mai bado, wani tsuntsu ja-ja mai farin wuya da shuɗin goshi yana tafiya bisa ganyen kamar a kan tabarma, yatsunsa dogaye fiye da kima, su ke raba nauyinsa ganye bai nutse ba. Baba ya ce a wannan jinsin namiji ne ke kwanci, shi ke renon 'ya'ya, in ya ji tsoro ya kwashe su ƙarƙashin fiffike ya gudu da su ƙafafunsu na reto. Ba mu ga 'ya'yan ba, ba lokacinsu ba ne. Na biyun wani baƙin tsuntsu ne mai siffar balbela, yatsunsa rawaya. Ya yi 'yan taku cikin ruwa marar zurfi, sai ya jefa fikafikansa gaba ya rufe kansa ruf kamar laima, ya daɗe haka, ya buɗe da ɗan kifi a baki. Inuwa yake yi wa kifin su taru. Yarona ya riƙe min hannu ya matse, bai ce uffan ba.

To, ga inda ban ji daɗi ba, kuma na gaya wa Baba a gaban idonsa. Jirgin yana yoyo. Tun daga fita har dawowa yarona na kwarfe ruwa da rabin jarka. Babu rigar ruwa ko ɗaya, alhali tafkin nan akwai dorina, mun ga kawunansu har biyar. Baba ya san wurarensu, ya ba su tazara mai yawa, ban ga ganganci a tuƙinsa ba, amma mai ɗaukar yaran mutane ya kamata ya tanadi ko da riga biyu. In za ka je, nemi taka ka tafi da ita. Madubin ma ido ɗaya ya yi hazo, da ɗaya ake kallo, kuma guda ne tak, mu biyu muna karɓa-karɓa, tsuntsu kuwa ba ya jiran ka. Sannan ilminsa na tsuntsayen ruwa ne da manya. Ƙananan nan masu launin ƙasa da ke shiga cikin kara, da na tambaya sai ya ce 'yan ciyawa ne, ya wuce. Na fi son wannan da a ƙirƙiro min suna, amma wanda ya zo dominsu ba zai ƙaru ba. Babu rumfa a jirgin, zuwa ƙarfe goma rana ta fara cizo, ruwan sha ma kai za ka kawo.

Da rana muka ci soyayyen karfasa a bakin madatsa, muka huta.

Fitar la'asar ba a jirgi muka yi ta ba. Ya sa aka ɗauke mu a babur zuwa gefen gonakin shinkafa, inda fadama ta buɗe har iyakar gani, muka sauka muka taka kamar rabin awa. Ya ce mu durƙusa bayan wata gargada mu yi shiru. Can sai muka ji kuka mai kauri daga nesa kamar ana busa ƙaho, sai ga su, gauraka goma sha ɗaya, wuya miƙe, ƙafafu a baya, farin fiffike yana walƙiya cikin hasken yamma. Suka sauka bai fi taku ɗari da mu ba. Ni gauraka a gidan wani attajiri na taɓa ganinta, an yanke mata fiffike tana zagaya tsakar gida. Ban san haka take ba in tana da 'yancinta. Tukkun nan na kanta kamar zaren zinariya da aka tsefe, goshi baƙi kamar karan-miski, kumatu fari a sama ja-ja a ƙasa. Na yi shekaru ina neman zare mai wannan launi ban samu ba. Biyu daga cikinsu suka fuskanci juna, suka rusuna, suka buɗe fiffike suka yi tsalle sama.

Yarona ya ɗauki hoto ya ba manhajarsa, ta kawo masa wata gauraka mai tokar wuya da jan leɓe babba a maƙogwaro. Ya nuna wa Baba. Baba ya duba ya ce, "Maigida, wannan ba tamu ba ce, dubi wuyanta." Gaskiyarsa. Waccan ta gabashi da kudancin Afirka ce, ita ce a tutar Yuganda. Tamu wuyanta baƙi-baƙi ne, leɓenta ɗan ƙarami, daga Senigal ake samun ta har Cadi da Sudan da Habasha. Hoton daga nesa aka ɗauka cikin ƙura, ban ga laifin na'ura sosai ba, amma dattijon bai buƙaci hoto mai kyau ba, domin ya san wadda ke zama a ƙasarsa.

A nan ne muryarsa ta canja. Ya ce yana yaro garken da ke sauka a wannan fadama ba ya ƙirguwa. Abin da ya faɗa ya dace da abin da aka sani: gauraka tana cikin tsuntsayen da masana suka sa a jerin masu fuskantar barazana, a Najeriya ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma fadamar Waza da Logon na cikin 'yan wuraren da suka rage mata. Fadamu na bushewa, ana mai da su gonaki, ga masu kama 'ya'yanta suna sayar wa masu kuɗi su ajiye a gida don ado. Ya ce an sha zuwa a ba shi kuɗi ya nuna inda suke sheƙa, bai taɓa nunawa ba. Mu ma da yarona ya tambaya, cewa ya yi wannan ba ya cikin 15,000. Wannan magana ta ƙara masa daraja a idona fiye da duk sunayen da ya koya min.

Wanda zai je, ya je tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin baƙin tsuntsaye na nan kuma hanya a bushe take. Ya kwana a Maga don ya samu fitar asuba, ita ce mai albarka. Ya sa tufafi masu duhu, ni farar riga na sa da safe, Baba ya ba ni tsohon bargonsa na rufa. A yi ciniki a gama kafin a shiga jirgi, a faɗi ko man inji na ciki. Kuma a tambayi mutanen gari halin hanya kafin a tashi.

Da za mu rabu na ƙara masa 3,000 na ce a toshe jirgi da su. Na kuma auna kafaɗarsa da tsawonsa da igiyar awo da ba ta barin aljihuna. Rigar tana kan kekena yanzu, shuɗiya ce mai duhu, aikin wuyan da zare ruwan zinariya. Cikin Yuni zan kai masa, ya ce lokacin shamuwa ta dawo kan bishiyar ƙofar gidansa, zai nuna wa yaron jan gwiwarta da shuɗin fuskarta.