Kati ɗaya, maki biyu: abin da na gani a wurin masu tantance tsofaffin katunan wasanni

Tun da na zauna a Houston nake tara katunan ƙwallon kwando, kuma wanda na fi ji da shi shi ne na ɗan wasa Hakeem Olajuwon, bugun kamfanin katuna Fleer na 1986, mai lamba 82, tun sunansa yana Akeem kafin ya ƙara harafin H a 1991. A hannun wani dattijo na saye shi a kasuwar katuna. Bara na yanke shawarar aika shi ga ɗaya daga cikin manyan kamfanonin tantancewa na Amurka, tare da na Michael Jordan, shi ma na 1986, wanda na daɗe zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Aikinsu shi ne su duba ko katin na asali ne, sannan su ba shi maki daga 1 zuwa 10. Abu huɗu suke dubawa: zaman hoton a tsakiya, kaifin kusurwoyi, lafiyar gefuna, da fuskar katin. Daga nan sai su rufe shi cikin kwanson roba mai lamba.

Ta wajen gane jabu, gaskiya sun cancanci yabo. Na Jordan ya dawo ba maki, an ce bugun jabu ne. Na ji zafi sosai, amma da na sa gilashin ƙara girma na jera shi da na Olajuwon, sai na ga ɗigon tawadar ya sha bamban. Shekara uku yana hannuna ban lura ba. Da na sayar wa wani, da na ci haƙƙinsa ban sani ba, kuma wannan kaɗai ya biya ni kuɗin aikin da na inshora.

Makin ne ya dame ni. Olajuwon ya samu 7. Babu ko layi ɗaya na bayani. Kusurwa ce? Gefen ne? Duk wanda ya riƙe Fleer na 1986 ya san jan gefensa da shuɗin suna saurin ɓarewa, fari ya fito, amma nawa tsaf yake. Bayan wata biyu na fasa kwanson a hankali, hannuna har rawa yake, na sake aika shi ga kamfanin nan dai. Ya dawo da 8. Ban goge shi ba, ban danne shi ba, ban taɓa masa komai ba. Ga shi kuwa a kasuwar nan tazarar maki ɗaya kuɗi ne masu kauri.

Wannan ya tuna mini da katin ɗan wasan baseball Honus Wagner na tsohon jerin katuna T206, wanda shi ne na farko da kamfanin tantancewa PSA ya tantance a 1991, ya ba shi 8. Ɗan wasan hockey Wayne Gretzky da ɗan kasuwa Bruce McNall sun saye shi dala 451,000, a 2007 kuma ya kai dala miliyan 2.8. Sai a 2013 dillalin gwanjo Bill Mastro ya amsa a kotu cewa shi ya datse gefunansa don su yi kyau. Idan kati mafi suna a duniya ya iya wucewa haka, to nawa fa?

Ban ce ha'inci suke yi ba. Mutum ne ke zaune ƙarƙashin fitila yana duba kati bayan kati, ido kuwa yana gajiya. Abin da na kasa yafewa shi ne a karɓi kuɗina, in yi watanni ina jira, a ba ni lamba ba dalili.

Zan sake aika musu duk katin da nake shakkar asalinsa. Na Olajuwon kuwa yana cikin sabon kwansonsa, tsohuwar takardar mai 7 na ajiye ta kusa da shi, kuma duk ranar da zan sayar, su biyun zan nuna wa mai saye.